"Ku Ƙara Haƙuri" Ba Ta Gyara Keken Gurgu

Kwanan nan a wani shirin rediyo na ji wani jami'i yana amsa koken masu buƙata ta musamman, waɗanda suka ce an yi rabon kayan tallafi an gama, ko mudu ɗaya ba su samu ba. Amsarsa ba ta wuce jimla biyu ba: gwamnati tana sane da su, su ƙara haƙuri. Mai gabatarwa ya yi masa godiya, aka shiga wani batun.

Ba wanda ya tambaye shi a ina aka yi rabon, da ƙarfe nawa, kuma ta wace hanya aka sanar. A nan kuwa matsalar take. An sanar ta rediyo da lasifika, kurma bai ji ba. An yi rabon a harabar da sai an hau matakala, mai keke ya tsaya a bakin ƙofa. An jera mutane a rana tun hantsi har la'asar, zabiya ba zai jure ba. Da turereniya ta ɓarke, makaho ya rabu da ɗan jagoransa. Wanda ya fi kowa buƙata shi ne ya koma gida hannu Rabbana, sannan aka ce masa ya ƙara haƙuri.

Ra'ayina shi ne masu buƙata ta musamman a ƙasar nan suna buƙatar haƙuri, ƙwarai ma kuwa, amma irin haƙurin manomi, wanda ya yi shuka ya yi noma sannan yake jiran kaka. Kuma wannan haƙurin ba ya ɗorewa ga mutum ɗaya. Sai makafi da kurame da guragu da kutare da zabiya da iyayen yara masu lalura sun haɗa asusu ɗaya, rajista ɗaya, da murya ɗaya wajen bin haƙƙin da doka ta riga ta ba su.

Ai kowa ma yana cikin wahala

Wannan ce magana ta farko da ake tarar mutum da ita, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sai dai ruwan da ya kai wa mai tsaye gwiwa, ga wanda yake zaune a ƙasa ya kai wuya.

A duba shekarun nan da suka wuce. A kullen korona na 2020, mai lafiya ya rasa kasuwa, makaho kuwa ya rasa kasuwa, ya kuma rasa hannun da zai riƙe, tun da an ce kowa ya nisanci kowa. Takunkumin fuska ya rufe wa kurma leɓɓan da yake karanta magana a kansu. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mutane sun kwana a layin banki, mai sanduna biyu kuwa ba ya iya tsayuwar awa ɗaya. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta kai dubu. Mai ƙafa ya ce zai taka. Mai keken guragu ba shi da wannan zaɓin idan tafiyar ta yi nisa, kuma mai a-daidaita-sahu yakan caje shi kuɗin mutum biyu ko uku saboda wurin da keken ya ci. Makaho yana biyan kuɗin kansa da na ɗan jagora. A watan Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, lokacin da gudu ne kawai mafita.

Akwai kuma kuɗin da lalura take ci kullum, ko da rikici ko babu: batirin na'urar ji, robar fitsari, man kare fata daga rana, maganin farfaɗiya. Yawancinsu daga waje ake shigo da su, duk faɗuwar da naira ta yi kuwa a kansu take fara bayyana. Har maganin kuturta, da ake bayarwa kyauta, ya shafe kusan shekara bai shigo ƙasar nan ba, daga 2024 zuwa farkon 2025. Jinkirin shekara ga mai wannan cuta yana iya zama yatsun da ba za su dawo ba.

Haƙuri ai ibada ne

Haka ne, kuma ban zo in rage wa haƙuri daraja ba. Mutumin da ya wayi gari ba ya gani, ko hatsarin mota ya karya masa laka, in babu tawakkali zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Amma a duba yadda addinin kansa ya nuna abin.

Matar nan mai farfaɗiya da ta zo wa Manzon Allah (SAW), aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Ba ta tsaya nan ba. Ta ce idan ciwon ya tashi jikinta yana buɗewa, a roƙa mata Allah ya daina buɗewa, aka kuwa roƙa mata. Ta karɓi jarrabawar, ta kuma nemi a kare mutuncinta, ba wanda ya ce mata ta kasa haƙuri. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, saboda shi farkon Suratu Abasa ya sauka, ya yi ladanci, an kuma bar masa riƙon Madina ba sau ɗaya ba.

Saboda haka rashin gani ƙaddara ce, a yi haƙuri da ita. Buɗaɗɗiyar kwata a tsakiyar hanya da makahon zai faɗa ciki aikin mutum ce, akwai wanda ya tona ta, akwai wanda aka ba kuɗin rufe ta. Wanda ya haɗa waɗannan biyun ya kira su ƙaddara, ya sauke wa mai laifi nauyinsa ne ya ɗora wa wanda aka cuta.

Kowa da sarkinsa

A ƙasar Hausa masu lalura ba su taɓa zama ba tsari ba. Akwai sarkin makafi, sarkin guragu, sarkin kutare, kowanne da 'yan majalisarsa, suna sasanta rikici, suna karɓar baƙo, suna tsayawa a biki da mutuwa. Wannan gado ne mai daraja, bai kamata 'yan boko su raina shi ba. A gefe guda kuma akwai ƙungiyoyin zamani, da haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa, JONAPWD, mai rassa a jihohi.

Rauninsa shi ne kowane rukuni yana zuwa ƙofar hukuma shi kaɗai. Yau makafi sun je an ba su buhu goma, gobe guragu sun je an ce musu ai an riga an ba "ku". Sai zargi ya shiga tsakani, mai rabo kuma ya huta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma waɗanda ba su da sarki sam. Uwar yaron da ya samu taɓuwar ƙwaƙwalwa wajen haihuwa, ya kai shekara goma tana goyonsa, a wane layi za ta tsaya? Mai farfaɗiya fa, da mai taɓin hankali, da matar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a ɗaki shekara biyar? Su ba a ganinsu a titi, don haka ba sa shiga lissafin kowa. Duk haɗin kan da bai shiga gida-gida ya nemo su ba, na waɗanda suke iya fitowa ne kawai.

Za a ce buƙatun sun bambanta, me ya haɗa kurma da gurgu? Bambancin ai shi ne ribar. Kurma yana da ido da ƙafa, shi zai je ya auna matakalar asibiti ya ɗauki hoto. Gurgun da ya yi karatu zai rubuta takarda ya riƙe littafin kuɗi. Makaho zai yi magana a rediyo, ya haddace lambobin waya. Abin da ake buƙata domin zaman ya yiwu kaɗan ne amma ba a tsallake shi: mai fassara da maganar hannu a kowane taro, a karanta duk abin da aka rubuta da murya, a yi taron a ƙasa ba a bene ba, a inuwa, kusa da bayin da keke zai iya shiga, kuma a lokacin da mata za su iya zuwa su koma da rana. Taron da aka yi babu mai fassara, an kori kurame ne ko da an aika musu takardar gayyata.

Wanda bai ci ba, me zai zuba?

Wannan ƙorafin shi ya fi nauyi, kuma shi ya fi cancantar amsa da lissafi. A ɗauki mutum 40 a unguwa ɗaya, kowa naira 200 a mako. Naira 8,000 ke nan a mako, 32,000 a mako huɗu, 416,000 a shekara. Ba za ta gina gida ba. Amma za ta sayi tayar keke ranar da ta fashe, ta sayi maganin farfaɗiya na wata guda kafin na hannu ya ƙare, ta biya kuɗin mota zuwa asibiti da daddare. Irin waɗannan ƙananan abubuwan ne suke mayar da mai sana'a kan titi. Keke ya lalace, mutum ya kwana goma bai fita kasuwa ba, ya cinye jarin, shi ke nan.

Wannan asusu ba adashi ba ne. A adashi kowa yana jiran ranar kwasarsa, ciwo kuwa ba ya jiran rana. Gara a raba kuɗin gida uku tun ranar farko: rabi na gaggawa, wanda ake bayarwa ba bashi ba, kashi ɗaya cikin huɗu na gyaran kayan aiki, sauran na rancen jari mai wa'adi, kamar wata uku, kuma kada rancen mutum ya wuce ninki uku na abin da ya zuba. Wanda ba shi da ko ɗari biyun, a karɓi aikinsa a madadin kuɗi: ya kai saƙo, ya raka mara lafiya, ya share wurin taro. Kada a kore shi, domin saboda irinsa aka kafa asusun.

Inda irin waɗannan asusu suke mutuwa sananne ne. Kuɗi suna kwana a aljihun mutum ɗaya. Shugaba ya ranci kaso mafi tsoka ba wanda ya iya tambayarsa. A kwashe na gaggawa a yi ankon biki. Ko a riƙe lissafi a ka, a wayi gari kowa da adadinsa. Maganin kowanne akwai shi. In akwati ne, a sa masa kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku daga rukuni daban-daban, akwatin kuma a gidan na huɗu. In banki ne, sa hannun mutum uku, sai biyu sun sa kuɗi zai fita. Ba a buɗe akwati sai a gaban taro. A ƙirga kuɗi da murya, a faɗi jimla, mai fassara ya nuna ta da hannu, a rubuta, sannan wani makaho ya maimaita jimlar makon jiya daga ƙwaƙwalwarsa a ga ko ta dace da ta littafi. Shugaba da ma'aji ba sa cin rance muddin suna kan kujera.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Abu na biyu ya fi asusu arha, domin littafi ɗaya ne da biro. Rajistar unguwa: suna, gida da kwatancensa, irin lalurar, kayan da mutum yake dogaro da su, maganin da yake sha da ranar da zai ƙare, lambar wayarsa da ta wanda yake kula da shi, da hanyar da saƙo yake isa gare shi. Kurma a tura masa rubutu ko a buga masa ƙofa da hasken tocila, makaho a kira shi da murya.

Ga kowane mutumin da ba ya iya fita da kansa, a rubuta sunan maƙwabta biyu da suka amince za su zo su ɗauke shi idan ruwa ko wuta ko tashin hankali ya zo. Biyu, domin ɗaya yana iya yin tafiya, kuma babban mutum ba ya ɗaukuwa ga mutum ɗaya. A gwada ɗaukar tun ana zaune lafiya, musamman ga mai ciwon laka, wanda ɗaukar ganganci take ƙara masa rauni. Kowa ya tanadi leda mai kauri da katin asibiti, takardar NIN, maganin mako biyu da tocila, a rataye kusa da ƙofa. Mai farfaɗiya kada ya bari magani ya yanke masa kwatsam, domin yankewar tana tayar da ciwon fiye da da.

A sabunta littafin duk wata uku, kwafi ɗaya a wajen ƙungiya, ɗaya a wajen mai unguwa. A nan akwai hatsari da ya kamata a faɗa: ana karɓar irin wannan jerin sunaye a je a karɓo tallafi da shi, masu sunayen ba su sani ba. Don haka kada littafin ya fita hannu. Mai son kawo tallafi ya zo a kira mutanen a gabansa, a kai wa na kwance nasu har ɗaki, kowa ya sa hannu ko ya dangwala.

Kayan aiki da jiki

Mai son taimako yakan sayo keken asibiti, irin mai naɗewa mai ƙananan tayoyin gaba, a yi taro a ɗauki hoto. An yi wannan keken ne domin daɓen asibiti. A yashi tayoyin gaba suna nutsewa, ƙura tana cinye boris, kujerar leda tana lotsawa, kuma idan wani abu ya karye babu irinsa a kasuwa. Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda aka ƙera da tayar keken hawa da sarƙarsa da birkinsa, kowane mai gyaran keke da mai walda a bakin titi zai iya gyara shi. A Kano, waɗanda shan inna ya kama, ƙarƙashin jagorancin Aminu Ahmed Tudun Wada, sun daɗe suna ƙera irin wannan da hannunsu, sana'a ta samu, abin hawa ya samu. Ƙungiyar unguwa za ta iya ware rana ɗaya a wata ta gyara: a duba iska, a sa giris, a ɗaure abin da ya kwance, a sayo tayoyi da sarƙa a sari maimakon ɗaya-ɗaya.

Abin da ya fi keken muhimmanci, kuma aka fi mantawa da shi, shi ne matashin zama. Wanda ba ya jin ƙugunsa ba ya sanin fata ta matsu, sai gyambo ya buɗe, gyambon nan kuwa yana kaiwa ƙashi, yana kisa. Ana buƙatar soso mai tauri, kaurin kamar santimita goma, ba katako ko tsumma ba. Mutum ya ɗaga jikinsa ko ya karkata duk bayan minti 15 zuwa 30, na kwance a juya shi duk awa biyu, a duba fata safe da yamma. Wurin da ya canza launi bai koma daidai ba bayan rabin awa, a daina zama a kansa har ya warke.

Haka waɗanda kuturta ta kashe wa jijiyar ji a hannu da ƙafa. Kullum a jiƙa ƙafa a ruwa kamar minti 20, a goge kantar ƙafar a hankali, a shafa man Vaseline tun fatar tana da danshi, a duba tafin ƙafa ko ƙaya ko ƙusa ta shiga, a sa takalmi mai taushin ciki. Aiki ne mai gundura, mutum shi kaɗai yakan bari. Idan mutum takwas ko goma suna haɗuwa mako-mako suna duba ƙafafun juna, ba a bari. Wannan shi ne haƙurin da nake nufi, na maimaita abu ɗaya kullum, kuma 'yan'uwa ne suke riƙe mutum a kansa. Zabiya kuma hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, da kauce wa ranar tsaka sun fi masa araha a kan man kariya, duk wani ƙurji da ya ƙi warkewa kuwa a kai asibiti da wuri, domin kansar fata daga nan take farawa.

Shugabannin ne ke cinyewa

Wasu suna yi, ba abin ɓoyewa ba ne. Lalura ba ta mayar da mutum waliyyi. Akwai wanda ya mayar da kujerar ƙungiya sana'a, daga otal zuwa otal yana karɓar kuɗin zama, bai san inda membobinsa suke kwana ba. Amma wanda ya yi fushi ya fice ya bar masa kujerar ne da hatimin ƙungiya. Abin yi shi ne wa'adi rubutacce, shekara biyu ko uku sau biyu kawai, bayanin kuɗi a gaban kowa, kujerun mata da ba na ado ba, da dokar cewa duk wanda ya je taro da sunan ƙungiya ya dawo ya faɗi abin da aka ce da abin da aka bayar. Kuma a fara daga unguwa, inda kowa ya san gidan kowa, kafin a yi maganar jiha.

Masu bara ma 'yan ƙungiya ne. Kada ɗan boko mai albashi ya ɗaga musu hanci. Kamen da ake yi musu lokaci-lokaci a birane bai taɓa kawo ƙarshen bara ba, domin ana sakinsu su koma ga yunwar da ta fito da su. Mutum yana barin titi ne idan abin hawansa yana tafiya, jarinsa yana juyawa, ɗansa kuma yana makaranta maimakon riƙe masa sanda.

Dokar ai a takarda take

Gaskiya ne, kuma a takardar za ta ci gaba da zama in ba a ɗauko ta ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, bayan shekaru da yawa ana kai ruwa rana a majalisa. A 2020 aka kafa hukumarsu ta ƙasa. Dokar ta ce mutumin da ya nuna wariya zai biya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kamfani kuwa naira miliyan ɗaya. Ta ce a ware musu aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare. Ta ce a fara sallamarsu a layi. Ta hana a riƙa yawo da mai lalura ana bara da shi. Ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Jihohi irin su Kano da Kaduna da Jigawa da Filato suna da nasu dokokin. Wato jami'in da ya ce a ƙara haƙuri a wajen rabo, doka ta riga ta ce masa da su zai fara.

Yadda ake ɗauko doka daga takarda ba ya buƙatar lauya a matakin farko. A zaɓi wuri ɗaya, wanda aka fi zuwa, kamar asibitin unguwa ko sakatariyar ƙaramar hukuma. Kada a ce a gyara garin gaba ɗaya. A je da awo. Ƙa'idar gangaren hawan keke ita ce duk tsayin santimita ɗaya yana buƙatar tsawon santimita 12. Dakali mai tsayin santimita 30 yana buƙatar gangare mai tsawon mita 3 da santimita 60, faɗinsa ya kai kamar santimita 120, da ƙarfen riƙewa a gefe, ƙofar kuma ta kai santimita 90. Magina sukan taƙaita shi don tsimin siminti, ya yi tsaye har keke ya kifa da baya. Wasu su shimfiɗa masa tayil mai santsi. Wasu su yi shi daidai amma ya ƙare a bakin kwata, ko a ƙofar da kullum take kulle. Shi ya sa dole mai keke ya kasance a wurin ranar da ake zuba siminti, ya gwada kafin ya bushe.

Sai takarda, shafi ɗaya: ga wurin, ga awon da muka yi, ga abin da doka ta ce, ga abin da muke nema, ga ranar da za mu dawo. Sarkin makafi da na guragu da na kutare da shugaban kurame da wakiliyar mata duk su sa hannu. A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da shi, domin takardar da ba ta da hatimi gobe za a ce ba a gan ta ba. Bayan mako biyu a koma, mutum uku, ba taron jama'a ba, cikin ladabi. A rubuta wanda aka gani da abin da ya ce. Bayan wata guda a sake rubutawa, a haɗa da kwafin ta farko, a aika wa hukumar masu buƙata ta musamman ta jiha da ta ƙasa da ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. In an kai wata uku shiru, sai a je rediyo da takardun a hannu, a karanta kwanakin ɗaya bayan ɗaya.

Za a yi ta cewa oga ba ya nan. Za a canza jami'i a koma farko. Wasu membobin za su gaji a zuwa na uku, shi ya sa ake karɓa-karɓa, kuɗin motar masu zuwa kuma ya fito daga asusu, kada ya zama nauyin mutum ɗaya. Idan an samu gangaren, a je a yi godiya a bainar jama'a kamar yadda aka yi ƙorafi, domin jami'in nan za a sake buƙatarsa. Takarda ta gaba ta zama ta kurame: a samar da mai fassara a ɗakin awon ciki da ɗakin haihuwa na asibitin nan, ko da kwana biyu ne a mako, a kuma liƙa ranakun a bango inda za a gani.